Bencin Baya: Abin da Wata Bakwai na Horo Suka Koya Mini

Ranar Lahadin da aka karanta sunana a gaban jama'a ina sanye da zanen zumuntar mata, tuluna na kiɗa yana kan cinyata, domin mu ne za mu yi waƙa bayan sanarwa. Magatakarda ya miƙe da takarda a hannu, bai ɗaga kai ba har ya gama. Ya ce dattawa sun zauna, an same ni da laifin ɓatar da kuɗin zumunta da ɓata sunan bawan Allah, saboda haka an sa ni ƙarƙashin horo har sai na tuba. Ba zan ci Jibin Ubangiji ba, ba zan riƙe wani aiki ba, kuma wurin zamana bencin baya ne. Na ajiye tulun a hankali don kada ya yi ƙara, na ɗauki Littafina, na ratsa ta tsakiyar mutane. Bencin yana bakin ƙofa, inda masu zuwa a makare suke tuɓe takalmi lokacin damina. Ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, an tokare ta da guntun bulo. Shekara 19 ina shiga wannan majami'a, ban taɓa lura da bulon nan ba sai ranar.

Ni Bahaushiya ce gaba da baya, daga ƙauyukan kudancin Katsina. Kakana na wajen uba Bamaguje ne, cutar kuturta ta kai shi asibitin Babbar Ruga kusa da Katsina, a can ya ji bishara daga bakin masu wanke masa gyambo, ya dawo gida ba yatsu uku amma da Yesu a bakinsa. Mahaifina ya gaji tsohon Littafi Mai Tsarki daga gare shi, fassarar nan ta 1932, wadda babu ƙugiya a haruffanta. Da shi aka koya mini karatu. Kuma a gidanmu kalmar da ta fi kowace yawo ita ce haƙuri. In yaran unguwa sun yi mana waƙar arna a hanyar rijiya, Inna za ta ce a yi haƙuri. In an hana mu filin gini, a yi haƙuri. Ban raina wannan tarbiyya ba, ita ta riƙe iyayenmu suka zauna lafiya da 'yan'uwansu Musulmi, waɗanda har yau muke cuɗanya da su a biki da suna da makoki. Sai dai tare da haƙurin an shayar da mu wani abu da ba a faɗa da baki: mu 'yan kaɗan ne, idon gari yana kanmu, don haka abin da ya faru a cikin ikkilisiya a binne shi a ciki. Wanda ya ɗaga murya ya tona asirin gida.

Aure ya kawo ni wani gari a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ina koyarwa a firamare, maigidana yana gyaran injin ban ruwa da na niƙa. A 2018 mata suka zaɓe ni ma'ajiyar zumunta. Muna da gona da wani dattijo ya ba mu aro, mu muke shuka, mu muke noma, mu muke ɓare masara da hannunmu muna waƙa. Abin da aka samu, tare da ɗan tarin da muke yi kowace Talata, an keɓe shi ne domin gwaurayen cikinmu su 9, a saya musu taki da damina ta kama, a taimaka da kuɗin makarantar marayu. Bayan girbin 2022 muka sayar da masara da waken suya, kuɗin da ke hannuna ya kai naira dubu 612. Ba mu da asusun banki. A cikin wani gwangwanin madara nake ajiye su, gwangwanin a cikin akwatin aurena, littafin lissafi a kansa.

Sai ga canjin kuɗi. Kowa ya san abin da aka sha. Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suna kwana a layin banki, masu POS suna yankar abin da suka ga dama. Kuɗinmu kaf tsofaffi ne. Na rasa barci. A cikin wannan hali ne limaminmu, wanda duk muke kira Baba Rabaran, ya aiko aka kira ni ni da Uwar Zumunta, wato shugabar zumuntarmu ta mata. Ya ce yana da wanda ya sani a banki, mu kawo ya zuba a asusunsa, in ƙura ta lafa ya cire mana sababbi. Wallahi na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ranar 24 ga Janairu muka kai masa, na ƙirga a gabansa a kan teburin falonsa, ya sa a aljihun babbar riga, ya yi mana addu'a. Na rubuta kwanan wata da adadin a littafina. Na so in ce ya sa hannu, kalmar ta zo har bakina, kunya ta mayar da ita. Yaya za a yi in ce wa wanda ya yi wa 'ya'yana baftisma ya sa mini hannu?

A watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, hankali ya fara kwanciya. Na jira har Afrilu kafin na tuna masa, cikin ladabi, bayan addu'ar safe. Ya ce ba damuwa. A Mayu na sake zuwa, ya ce banki ne ke ba shi wahala. Ƙarshen watan aka cire tallafin man fetur, farashin komai ya tashi, ruwan shuka ya sauka, gwauraye suka fara tambayata taki. Zuwa na huɗu ne ya ce in zauna. Ya jawo wata takarda da aka riga aka buga, wadda ta ce zumuntar mata ta ba da naira dubu 612 gudummawa domin gyaran motar aikin bishara. Ya miƙo mini biro.

Na ce, “Baba, mata ba su yanke wannan shawara ba. Kuɗin gwauraye ne.”

Ya ce, “Ɗiyata, ni ne uban gwaurayen. Sa hannu.”

Hannuna yana rawa, na ajiye biron a kan tebur, na ce ya gafarce ni, ba zan iya ba. Ban ƙara ko kalma ba. Na durƙusa na yi masa sallama kamar kullum, na fita. A zatona zai yi fushi kwana biyu ya huce.

Lahadin da ta biyo baya ya yi wa'azi daga Littafin Lissafi, wanda sabuwar fassara ke kira Littafin Ƙidaya, sura 12, inda Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan Musa, kuturta ta kama Maryamu. Ya haɗa da Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffu na Allah. Bai ambaci sunana ba. Amma ya tsaya, ya dubi sashen mata, ya ce akwai gidajen da kuturta take bin jininsu tun daga kakanni, in ba ta fito a fata ba sai ta fito a harshe. Babu wanda bai san labarin kakana ba a majami'ar nan, ni da kaina na sha ba da shi a matsayin shaida, ina taƙama da alherin Allah. Na ji wata mata a bayana ta ja numfashi. Autata, mai shekara 11, ta juyo daga wurin yara ta dube ni. Wannan kallon ya fi kome ciwo. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana warkewa da magani, ba gadonta ake yi ba, kuma mutumin da aka yi wa gori da ita a kan bagade shi ne ya kawo sunan Yesu cikin zuriyarmu. Mako biyu bayan haka aka karanta takardar horo. Ba a kira ni zaman dattawan ba. An ce musu ni ce na kasa kawo kuɗin, da aka matsa mini sai na laƙa wa bawan Allah. Uwar Zumunta, wadda aka ƙirga kuɗin a idonta, ta ce ba ta tuna ba.

Wata uku na yi ban ce uffan ba. Kowace Lahadi ina zuwa da wuri, in zauna a bencina, in tashi kafin a gama albarka. Wasu suna yaba mini, suna cewa dubi tawali'u, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ni ma haka nake faɗa wa kaina. Ina karanta 1 Bitrus 2:23, cewa da aka zagi Ubangiji bai rama ba, ina cewa ga ni a sawunsa. Yau da nake rubuta wannan zan faɗi gaskiya: akwai haƙuri a cikin shirun nan, amma mafi yawansa tsoro ne. Ina tsoron la'anar da aka ambata a kan bagade, har nakan duba fatar hannuna da safe. Ina tsoron kada maƙwabtanmu Musulmi su ji, su ce ga shi nan, limaminsu ya ci kuɗin marayu. Ina tsoron ranar da zan mutu a ƙi yi mini jana'izar mai bi. Na ɗauki wannan tsoro na lulluɓe shi da aya, na sa masa suna tawali'u.

Wadda ta yaye lulluɓin ba ta san ta yi ba. Ɗaya ce daga cikin gwaurayenmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara 5. A watan Satumba ta zo gidana da yamma, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a bakin tabarma. Ba ta zarge ni ba. Ta ce, “Malama, na zo ne kawai ki sani ni ban yarda kin ci ba.” Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da goyon masara guda daga gonarta, ta ajiye a gabana. Bai kai tsawon tafin hannuna ba, rabinsa ba ƙwaya. Ta ce haka duk gonar take, ba ta samu ko kwano ɗaya na taki ba, kuma ta cire babban ɗanta daga makaranta ya tafi aikin bulo. Bayan ta tafi na daɗe ina juya masarar a hannuna. Ashe shirun da nake yi ba ni kaɗai nake biyan kuɗinsa ba. Ina da ikon in yafe mutuncina, wannan nawa ne. Takin matar nan ba nawa ba ne da zan yafe.

Daga nan sai na faɗa ɗaya ramin. Tsoron ya juye ya zama wuta. Washegari a famfon burtsatse na haɗu da matar Baba Rabaran, wadda muke kira Mama, na ce mata a gaban mutane, “Ku ci, ku ƙoshi, Allah yana gani.” Ta ɗauki bokitinta rabi ta tafi ba ta ce kome ba. Da dare na zauna na rubuta dogon saƙo da zan tura zauren WhatsApp na matan gundumarmu, mutum fiye da 200. Na sa gaskiyar kuɗin, na kuma sa abubuwan da na ji ana faɗa a kansa waɗanda ban gani da idona ba. Na ji daɗin rubutun, kuma wannan daɗin ne ya kamata ya faɗakar da ni. Maigidana ya karanta, ya ce, “Maman yara, ba zan hana ki ba. Amma ki bari gari ya waye, ki je ki karanta wa Goggo tukuna.”

Goggo ƙanwar mahaifina ce, ta haura 80, idonta ya yi rauni amma Littafin yana kanta. Na hau mota na je ƙauye, na same ta tana ɓare gyaɗa. Na karanta mata saƙon tun daga farko. Ta ce in sake karanta wurin jita-jitar. Na sake. Ta ce, “Wannan kin gani?” Na ce a'a. Ta ce, “To ke ma kin hau bagade ke nan.” Na fashe da kuka, na ce to shi ke nan in koma in yi shiru in mutu a bencin baya? Ta ce wa ya ce miki? Ta sa na ɗauko tsohon Littafin mahaifina, ta ce in buɗe Yohanna 18, in karanta daga aya 19. Wurin da ake tuhumar Yesu gaban babban firist, wani ɗan doka ya kwaɗa masa mari, yana cewa haka za ka amsa wa babban firist? Na sha karanta wurin, amma a kaina na ɗauka shiru ya yi. Ashe ya amsa. Ya ce in mugun abu ya faɗa, a kawo shaidar mugun abin, in kuwa daidai ya faɗa, don me ake marinsa?

Goggo ta ce, “Kin ga ya rama?” Na ce bai rama ba. “Kin ga ya haɗiye?” Na ce bai haɗiye ba. Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Kwana biyu na yi a wurinta, muna karatu. Ta mayar da ni surar da aka yi mini bulala da ita, Lissafi 12, ta ce in karanta duka, kada in tsaya inda mai wa'azi ya tsaya. A aya ta 3 ne aka ce Musa ya fi kowa tawali'u a duniya. A aya ta 13 kuma, da kuturta ta kama 'yar'uwarsa, Musa bai hau dutse ya yi mata gori ba, kuka ya yi ga Allah ya warkar da ita. Surar da aka ɗauka don a rufe bakin tumaki, ashe makiyayi take yi wa awo. Haka Zabura 105, da na karanta daga sama sai na ga maganar a kan Ibrahim da Ishaku da Yakubu take, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna saboda su. Kariya ce ga marasa ƙarfi daga masu iko. Mu kuwa an juya mana ita ta zama garkuwar mai iko. Ko Dawuda, da ya ƙi ɗaga hannu a kan Saul a cikin kogo, ai ya fito ya ɗaga murya, ya rusuna har ƙasa, ya kira shi ubana, sannan ya faɗa masa a fili cewa yana farautar ransa ba da laifi ba. Ban taɓa jin an yi wa'azin wannan rabin ba. Ina ganin da yawanmu da muka tashi a majami'un Hausa mun haddace ayoyin biyayya tun muna makarantar Lahadi, amma ba a cika nuna mana 1 Bitrus 5:3 ba, inda aka gargaɗi dattawa kada su mulki garken da ƙarfa-ƙarfa, ko Ezekiyel 34, inda Allah da kansa ya tuhumi makiyayan da ke kiwon cikinsu.

Na goge saƙon. Abu na farko da na yi da na dawo shi ne wanda ya fi mini wuya a duk labarin nan. Na je wurin Mama ta ƙofar baya, na same ta tana tankaɗe, na durƙusa na roƙi gafara a kan maganar famfo. Zuciyata tana ce mini kin kashe ƙararki, yanzu za a ce kin amsa laifi. Amma matar nan ba ita ta karɓi kuɗin ba, kuma na kunyata ta a gaban mutane. Bulus ma, da ya yi wa babban firist kakkausar magana a Ayyukan Manzanni 23, da aka nuna masa ko wanene, ya janye zafin bakinsa bai janye shaidarsa ba. Mama ta kama hannuna da nata mai gari, ta ce, “Tashi, Malama.” Idonta ya kawo ruwa. Ba ta ƙara kome ba, ni ma ban tambaye ta kome ba.

Sannan na bi matakan Matta 18 ɗaya bayan ɗaya. Na je wurin Baba Rabaran ni kaɗai, na gaishe shi a durƙushe, na ce, “Baba, ranar 24 ga Janairu na ba ka naira dubu 612 a kan teburin nan. Abin da aka faɗa wa dattawa ba haka ba ne. Abin da ka faɗa a kan kakana ya yi mini ciwo, wannan na bar wa Allah. Amma kuɗin gwauraye ina roƙo a mayar.” Ya ce in fita masa daga gida, kuma in sani wanda ya yi jayayya da shafaffe ba ya gamawa lafiya. Ƙafafuna suna kaɗawa, amma abin mamaki, tsoron la'anar bai biyo ni gida ba. Na koma da dattawa biyu, ya ƙi ganinmu. Sai na rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga shugabannin gunduma, ba zagi, ba jita-jita, kwanan wata da adadi da hoton shafin littafina kawai. Na kai masa kwafi da hannuna kafin in aika, domin ban so ya ji daga bayan fage.

Matsalar ita ce shaida. 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, kuma na yarda da wannan ƙa'ida da zuciya ɗaya, domin na san limamai masu gaskiya da aka ɓata da ƙazafi, na san waɗanda suke wata uku ba albashi suna noma da hannunsu suna kiwon jama'a. Shaidata ɗaya ce tak, ita kuma ta ce ba ta tuna ba. Na je gidan Uwar Zumunta. Ban yi mata gori ba, domin na san ɗanta yana makarantar Littafi Mai Tsarki da takardar shaidar da Baba Rabaran ya rubuta masa, na kuma san ɗanɗanon tsoron da take ciki, wata uku na sha shi. Na ce, “Yaya, ban zo in tilasta miki ba. In kin yi shiru ba zan daina gaishe ki ba.” Na ajiye mata goyon masarar nan a kan tabarma, na faɗa mata daga gonar wa ya fito, na tafi.

Zaman ya kasance a watan Janairun 2024, a ajin makarantar Lahadi, da hazo da sanyi. Mutum uku suka zo daga gunduma. Baba Rabaran ya yi magana kusan awa guda, ya kawo Kora da Datan da Abiram, ya kawo Yezebel. Da aka ba ni dama na miƙe, na gaishe su, na gaishe shi da sunan Baba kamar yadda na saba, na faɗi abin da na faɗa masa a falonsa, ban ƙara ban rage ba. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaye ni me nake so a yi masa. Na ce ba ni da abin da nake so a yi masa, ina so a ba gwauraye kuɗinsu, a kuma faɗa wa jama'a cewa ban ci ba, saboda 'ya'yana. Sai aka juya ga Uwar Zumunta. Ta daɗe tana murza bakin gyalenta. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, “An ƙirga a gabana. Aljihun dama ya sa.” Ta kifa kai a kan benci tana kuka. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin awaki a waje.

Ba zan ce muku kome ya gyaru ba. An ɗage horon a watan Fabrairu, magatakarda ya karanta layi biyu cewa bincike ya nuna ba ni da laifi. Ba a ambaci inda kuɗin ya shiga ba, an ce saboda sunan ikkilisiya, kuma har yau ina ganin wannan kuskure ne, na kuma faɗa musu haka a zaman. An yanke a riƙa cirewa daga albashinsa. Abin da ya dawo hannunmu kafin damina dubu 400 ne da 'yan kai, kuma a lokacin kuɗin ya riga ya zube, takin da muka saya bai kai rabin wanda da za mu samu a 2023 ba. Yaron da aka cire daga makaranta bai koma ba, ya riga ya saba da kuɗin bulo. Akwai matan da har gobe in na shigo sai su sauya magana, a wurinsu ni ce na kori bawan Allah. Maƙwabtanmu kuwa da nake ta tsoron kada su ji, ashe tun ranar farko sun ji. Wata Hajiya da muke katanga ɗaya ta ce mini abin da ya ba ta mamaki shi ne ganina ina fita sujada kowace Lahadi duk tsawon watannin.

Baba Rabaran bai nemi gafarata ba. Na yi ta jira, na gane jiran yana cin raina, sai na fara yi masa addu'a da suna kowace safiya. Makonnin farko bakina kawai ke yi, ina gamawa ina jin ɗaci a maƙogwaro. Ban san ranar da abin ya sauka zuciya ba. Na dai lura wata rana na tuna cewa shi ne ya kwana da mu a asibiti daren da ɗana na biyu ya yi ciwon sanƙarau, ya riƙe ledar ƙarin ruwa da hannunsa da aka rasa abin ratayewa, kuma tunawar ba ta ƙona ni ba. Mutum ɗaya ne ya yi wancan ya yi wannan. Na daina ƙoƙarin share ɗaya don ɗayan ya tsaya.

A watan Afrilu aka yi masa canjin wurin aiki. Daren da za su tashi, bayan an ɗaure kaya a mota, na ji sallama a ƙofar gida. Mama ce, ita kaɗai, da tocila a hannu. Ta dawo mini da babbar tukunyar da ta ara tun bikin Kirsimeti na shekarar da ta wuce, ta wanke ta tas. Na ce ta shigo, ta ce direba yana jira. Da na kai tukunyar madafa na buɗe murfin, sai na ga ƙullin leda a ciki, naira dubu 35 ne, 'yan ɗari biyar-biyar da ɗari biyu-biyu, irin kuɗin mai sayar da ƙosai da kunu, wanda kuwa sana'arta ke nan. Da 'yar takarda a jiki, an rubuta da fensir: na gwauraye. Na fito da gudu ba ko takalmi, na tarar motar ta riga ta kai kwanar makaranta. Na koma ciki na ɗauko littafin lissafi, na rubuta kwanan wata da adadin, na bar wurin sunan mai bayarwa babu kome, na kira maigidana ya sa hannu a matsayin shaida.